Inda Kwalta Ta Ƙare: Da Akori-Kura A Kan Tsaunin Mambila

Hanyoyin ƙasarmu iri biyu ne. Akwai waɗanda aka zana a taswira, aka shimfiɗa musu kwalta, aka kafa musu alluna. Akwai kuma waɗanda ƙafar mutum da kofaton saniya suka fara, daga baya mota ta bi sawu. Yawancin abincin da muke ci ta irin hanya ta biyun nan yake fitowa. Ta nan ne kuma ake kai majiyyaci asibiti, ake kai kwano da siminti ƙauye, ake kai amarya gidan miji.

Masu hali suna shiga irin wannan hanya da mota mai ja da ƙafa huɗu. Talaka kuwa abin da yake samu shi ne akori-kura wadda ƙafafun baya kaɗai ke tura ta, na gaba aikinsu juya kai ne kurum. To, ko irin wannan mota tana iya barin kwalta ta shiga daji, ta komo lafiya da mutane da kaya? Tana iyawa, amma da sharuɗa. Tsaunin Mambila kuwa makaranta ce ta koyon sharuɗan nan, gama can akwai hawa, akwai gangara, akwai laka, akwai rafi, duka a yini ɗaya.

Ƙasar Da Gajimare Ke Kwana A Kanta

Mambila tana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, a kusurwar kudu maso gabas ta Jihar Taraba, ta yi iyaka da Kamaru. Babban garinta Gembu ne. Tsayin ƙasar daga bakin teku ya kai wajen mita 1,600, wato ta fi Jos bisa. A arewa maso gabas da ita, a kan iyaka, akwai dutsen Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya.

Da fari Jamus ce ta mallaki yankin tare da Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya koma hannun Ingila. A shekarar 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, mutanen Arewacin Kamaru suka zaɓi haɗuwa da Nijeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna. Jihar Taraba kuwa a 1991 aka kafa ta.

Wanda ya saba da dajin Kano ko na Bauci zai yi mamaki. Tuddai ne masu laushin gani, bi da bi har iyakar ido, ciyawa ta lulluɓe su kamar darduma. A cikin kwaruruka ne ake samun kurmi da rafuffuka. Saboda sanyi ƙudan tsando ba ya sakewa a can, don haka shanun Fulani suka yi yawa, suka yi ƙiba. Mutanen Mambila da Kaka da Panso da sauransu suna noman masara, da wake, da gwaza, da dankalin Turawa, da ayaba, da fiya, da kofi. A Kakara akwai gonar ganyen shayi mai faɗi ƙwarai. Fulatanci shi ne harshen kasuwa, amma Hausa ma tana kai mutum inda za shi. Ruwan sama yakan ɗauki wata bakwai ko takwas yana zuba. Wannan ruwa shi ne arzikin ƙasar, shi ne kuma ciwon kan direbobinta.

Daga Jalingo Zuwa Gindin Dutse

A watan Oktoba na 2022 aka aike mu, mu uku, mu kai kayan gyaran wata makarantar ƙauye a gabas da Nguroje, wajen Mayo Ndaga. Iska ta kware rufin aji biyu, yara suna karatu a gindin itace idan ruwa ya ɗauke. Kayanmu bandir uku ne na kwano, da buhun siminti goma, da kusoshi, da kwali huɗu na littattafai. Motar haya ce, tsohuwar akori-kura mai ja da ƙafa biyu. Direban dattijo ne mai furfura, ya fi shekara talatin yana bin hanyar nan. Yana da yaron mota, saurayi marar yawan magana.

Tun a tasha na lura da yadda dattijon ya tsaya a kan lodi. Bai yarda a jibga kaya ko ta yaya ba. Ya sa aka jera simintin daidai bisa ƙafafun baya, biyar dama biyar hagu, aka shimfiɗa kwano a kai, aka rufe da tamfol, aka ɗaure tam. A bayan kujera kuma ya ajiye shebur, da diga, da adda, da jak, da famfon taya, da igiya mai kauri, da katako biyu masu faɗi, da waigi, da jarkar ruwa. Na ce, "Baba, kamar za mu haƙar rijiya?" Ya ce, "Malam, waɗannan su ne ƙafafuna biyu da kamfani bai sa wa motar ba."

Mun tashi da asuba. Muka wuce Garba Chede, muka haye Kogin Taraba a Bali, muka isa Serti da rana tsaka. Kusa da Serti ne ƙofar Gandun Dajin Gashaka Gumti take, wanda aka mai da shi gandun ƙasa a 1991. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 6,000, babu wanda ya kai shi girma a Nijeriya. Daga nan duwatsu suka fara matsowa kusa, har muka isa Mayo Selbe. Kalmar mayo da Fulatanci kogi ke nan, shi ya sa take da yawa a sunayen garuruwan yankin. A Mayo Selbe kowane direba mai hankali yakan tsaya. Namu ya bar injin ya huce, ya duba ruwan lagireto, ya duba man birki, ya zaga ya ƙwanƙwasa tayoyi ɗaya ɗaya.

Hawan Dutse

Hanyar hawan tana da kwalta, amma ta yi ta murɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami marar iyaka a ɗaya hannun. Dattijon ya sa giya ta biyu tun daga ƙasa, bai sāke ta ba sai inda kwana ta yi tsanani ya koma ta ɗaya. Ya ce wanda ya jira sai mota ta fara shaƙewa kafin ya nemi giya, ya makara. A kowace kwana yakan yi ham, gama ba a ganin mai gangarowa. Ƙa'idar wurin kuwa ita ce mai saukowa ya dakata wa mai hawa, domin mota mai kaya idan ta tsaya a tsakiyar hawa tashinta da wuya.

Muna hawa zafi yana raguwa. Kafin mu kai Maisamari kowa ya nemi rigar sanyi, kunnuwa suka toshe, hazo ya fara shafar gilashi. Motar ma ta ji canji. Iskar bisa ba ta da kauri kamar ta ƙasa, injin kuwa da iska yake ƙona mai. Injin irin na da, wanda ba shi da na'urar cusa masa iska, yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau. Ke nan a kan Mambila ya rasa wajen kashi 15. Ruwa ma a can yana tafasa tun zafinsa bai kai na ƙasa ba, wajen digiri 95 maimakon 100. Don haka kayan da mota ta ɗauka cikin sauƙi a Jalingo yakan zama mata nauyi a Nguroje.

Mun kwana a Nguroje. Sanyin daren ya sa mutum ya tuna da hunturun Jos, ga shi kuwa damina ce. Da safe muka ga tsofaffin motocin Land Rover a bakin kasuwa, an ƙara musu ƙarfe, an ɗaga su, an yi musu lodin masara har sun fi tsayinsu. Su ne jakunan ƙasar. Direbobinsu suka dubi motarmu, suka yi murmushi. Dattijonmu bai ce musu kome ba, sai tambaya ya yi: yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, wace mota ce ta fito daga gabas jiya, wane rafi ne ya cika. Matambayi ba ya ɓata.

Abin Da Ke Ƙarƙashin Motar

Kafin mu bar kwalta, bari mai karatu ya san abu ɗaya game da irin wannan mota. Ƙarfin injin yana bi ta giya, ya bi ta farfela, ya isa wani ƙullutun ƙarfe da ke tsakanin ƙafafun baya. A cikin ƙullutun nan akwai haƙora masu raba ƙarfi tsakanin ƙafar dama da ta hagu. An yi su domin a kan kwana ƙafar waje ta iya juyawa fiye da ta ciki. A kan kwalta wannan dabara ce mai kyau. A cikin laka kuwa takan zama cikas, gama idan ƙafa ɗaya ta sami santsi sai ta yi ta juyawa a banza, ɗayar da ke kan ƙasa mai tauri ta tsaya cik. Don haka motar da ake ce da ita mai ja da ƙafa biyu, a wurin wahala sau da yawa da ƙafa ɗaya take ja.

Abu na biyu, nauyin akori-kura a gaba yake, inda injin da mutane suke. Bayanta idan babu kaya ba shi da nauyi, ga shi kuwa ƙafafun baya ne masu aiki. Taya ba ta kama ƙasa sai an danna ta. Wannan ne dalilin jera simintin nan bisa ƙafafun baya.

Duk da haka kada a raina ta. Peugeot 504, wadda iyayenmu ke kira Fijo, ta fito a 1968, masana'antar Kaduna kuma ta fara haɗa motocin kamfanin a 1975. A shekarar nan ta 1975, da kuma 1978, 504 ce ta ci gasar tseren Safari ta Kenya, a cikin ƙura da taɓo, da ƙafafun baya kaɗai. Toyota Hilux ma a 1968 ta fito, amma sai a 1979 aka yi mai ja da ƙafa huɗu. Shekaru da yawa da irin waɗannan motoci aka yi ta kwasar gyaɗa da auduga da hatsi daga ƙauyukan da ba su taɓa ganin kwalta ba.

Jar Laka

Da muka bar Nguroje kaɗan kwalta ta ƙare. Dattijon ya tsaya, ya ciro ma'auni, ya rage iskar tayoyi. Na baya da mai faci ya cika har 45 ya mai da su wajen 30. Ya ce taya mai taushi takan baje ta kama ƙasa da faɗi, mai tauri kuwa takan yanka ƙasa ta nutse. Amma da kaya mai nauyi ba a rage ta ƙwarai, kada ta kwance daga bakin ƙarfenta, ko dutse ya tsaga gefenta. Kuma ba a gudu da ita a haka, gama za ta yi zafi.

Ƙasar wurin ja ce. Idan ta bushe tana da tauri kamar daɓe, idan ta jiƙe kuwa sai ka ce an zuba miyar kuɓewa. Manyan motoci sun haƙa ramuka biyu a hanya, dogaye, suka bar tudu a tsakiya. Mota mai gajerun ƙafafu idan ta faɗa cikin sawun nan sai cikinta ya zauna a kan tudun, ƙafafu suna lilo. Saboda haka dattijon ya riƙa ɗora ƙafa ɗaya a kan tudun tsakiya, ɗaya a kan gefen hanya, ramin yana wucewa a ƙarƙashinmu.

Duk inda ya hango caɓi sai ya tsaya tun a kan busasshiyar ƙasa, ya sauka, ya tafi da ƙafa da sanda yana zungura. Idan ya komo ya riga ya san inda kowace ƙafa za ta bi. Sai ya ja da baya kaɗan, ya sa giya ta biyu, ya shiga da saurin da bai fi na mai keke ba, bai ƙara totur ba, bai rage ba, bai taɓa kuloci ba sai ya fita. Ya ce mota mai ƙafa huɗu tana iya rarrafawa, tasa kuwa sai da ɗan zafin tafiya, amma zafin ya zama na lissafi. Wanda ya shiga a guje ya karya sipirin ko ya faɗa rami. Wanda ya shiga da tsoro ya tsaya a tsakiya.

A wani wuri hanya ta lalace sarai, ga fili mai ciyawa shimfiɗe a gefe. Ɗaya daga cikinmu ya ce a ratsa ta nan. Dattijon ya ƙi. Ya ce a Mambila babu ƙasar da ba ta da mai ita, ko gona ce ko makiyaya, maganar ƙasa kuwa ba abin wasa ba ce a nan. Banda haka, sawun taya ɗaya a kan gangara, idan ruwa ya bi shi damina biyu, ya zama kwazazzabo. Muka bi hanyar jama'a da wahalarta.

Mun Kafe

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya, a wani ɗan hawa bayan kwari, ƙafar hagu ta baya ta sami santsi ta fara juyawa. Nan take dattijon ya ɗaga ƙafarsa daga totur. Wannan shi ne babban bambanci tsakanin gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan ƙara wuta, tayar ta yi ta haƙa wa kanta kabari har motar ta zauna a kan cikinta, aikin minti goma ya zama na yini.

Da fari ya gwada wata dabara. Ya ja hambirki kaɗan, ba duka ba, ya ba da wuta a hankali. Birkin yakan riƙe ƙafar da ke juyawa a banza, ɗayar ta sami rabonta na ƙarfi. Motar ta motsa taku ɗaya ta sāke tsayawa. Sai ya ce kowa ya sauka. Yaron ya sa waigi a bayan ƙafar dama. Aka kwashe laka daga gaban tayoyi da shebur, aka shimfiɗa katako ɗaya a ƙasa aka ɗora jak a kai domin kada ya nutse, aka ɗaga ƙafar, aka cika ramin da duwatsu da rassan itace, aka sauke ta. Bai bar kowa ya sa hannu ko kai a ƙarƙashin motar ba muddin tana kan jak.

Muna cikin haka sai ga mutane daga wata gonar masara, maza biyar da samari. Aka gaisa, aka tambayi lafiya. Ba wanda ya roƙe su, suka ajiye fartanya suka kama. Dattijon ya jera su a gefe da gefe, ya hana kowa tsayawa daidai bayan taya, gama takan harbo dutse ko katako kamar harsashi. Ya kuma hana kowa tsayawa ta wajen gangara. Ya ƙirga uku, aka tura, motar ta fita kamar ba ita ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muka ba su goro da ɗan abin shan shayi, muka ɗauki wata tsohuwa da buhunta zuwa ƙauye na gaba. Haka ake yi a hanyar nan: wanda ka wuce yau shi ne zai tura ka gobe.

Rafi Ya Cika

Da la'asar aka yi ruwa a kan tuddan da ke gabanmu, mu kuwa ko ɗigo bai taɓa mu ba. Da muka iso mashigin rafi na ƙarshe sai muka tarar ya kawo, jajawur, yana tafe da karare da rassa. Ga rufin ƙauyen da za mu muna hangowa a ƙetare. Abokan tafiyata suka ce a gwada, dare yana yi, sanyi kuma yana sauka. Dattijon ya sari sanda, ya kafa ta a bakin ruwa, ya yi mata alama, ya koma ya zauna. Ya ce, "'Ya'yana, ruwan da ba zan iya ratsawa da ƙafa ba, ba na sa mota a cikinsa. Siminti ana sayen wani. Ku fa?"

Maganarsa tana da tushe. Ruwa mai gudu wanda zurfinsa ya kai santimita 30, wato bai kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota. Wanda ya kai santimita 60 yana iya tafiya da akori-kura. Idan kuma injin ya shaƙi ruwa ta inda yake shan iska, ƙarafan cikinsa sukan tanƙware nan take, gama ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Mota mai ja da baya tana da wata matsala kuma: ruwa yakan ɗaga bayanta, ƙafafun da ke turawa su rabu da ƙasa.

Muka kwana a wata ruga kusa da wurin. Mai gidan ya ba mu ɗaki da tabarma, aka kawo mana tuwon masara da madara mai ɗumi. Rafin dutse yana da saurin fushi, yana da saurin hucewa. Da gari ya waye sandar nan tana tsaye a kan busasshen yashi, ruwa ya koma iyakar ƙwauri. Dattijon da yaronsa suka ratsa da ƙafa, suka kawar da manyan duwatsu, suka sare bakin gaɓar da ruwa ya ci domin ƙafafun gaba su sami mahawa. Ya shiga da giya ta ɗaya, a hankali, ya ɗan karkata kai wajen da ruwa ke gangarawa. Da ya haye sai ya yi tafiya kaɗan yana taka birki sama sama har ya bushe. Kafin ƙarfe tara yara sun kewaye motar suna ta murna. Buhu goma, babu wanda ya jiƙe.

Komowa

Mai karatu zai zaci komowa ta fi sauƙi tun da an sauke kaya. Ba haka ba ne. Dattijon ya ƙi tashi da mota wofi. Ya jira har aka sami manoma masu buhun masara shida da za su kai kasuwar Nguroje, ya ɗauka a kan kuɗi kaɗan. Ya ce da bai samu ba, da yashi zai cika buhuna ya ɗora. Akori-kura marar kaya a kan jar laka bayanta yakan yi ta wutsil-wutsil kamar kifi, ba ta hawa ko ɗan tudu.

A wani hawa mai santsi motar ta kasa kaiwa bisa. Bai yi ƙoƙarin juya ta a tsakiyar gangara ba, gama nan ne mota ke kifewa. Ya taka birki, ya sa ribas, ya sauko da baya a miƙe, injin yana riƙe da ita, yaron yana gefe yana nuna masa hanya. Muka jira rana ta yi awa ɗaya tana busar da ƙasa, ya sāke gwadawa, ya haye. Da muka taka kwalta yaron ya ɗauko famfo ya mai da iskar tayoyi yadda take.

Saukar dutse zuwa Mayo Selbe ta fi hawansa haɗari. Da giyar da ya hau da ita ya sauka, injin yana kuka yana riƙe motar, birki kuwa sai jefi jefi. Birkin da aka danne tun daga bisa har ƙasa yakan yi zafi ya daina kamawa. Masu kashe injin ko su cire giya a gangara domin tsimin mai, da ransu da na fasinja suke ciniki.

Ga Mai Niyyar Tafiya

Iyali da yawa a cikinmu suna tara kuɗi domin sayen akori-kura, ko don gona ko don haya. Mai ja da ƙafa biyu ta fi araha, ta fi tsimin mai, gyaranta kuma ya fi sauƙi. Da rani za ta kai ku kusan ko'ina. Da damina tana da iyaka, mai ita kuwa ya kamata ya san iyakar nan tun kafin ya bar gida. Ya sa mata tayoyi masu manyan haƙora a baya. Ya ɗora nauyi bisa ƙafafun da ke turawa, amma kada ya wuce abin da aka ƙayyade mata. Kada ya rabu da shebur da katako da famfo da igiya. Idan za a ja shi, a ɗaura igiya a jikin ƙarfen gindin mota, ba a bamba ba, mutane kuma su ja da baya nesa, gama igiyar da ta tsinke tana iya kisa. Ya tashi da sassafe, gama ruwan tsauni ya fi sauka da yamma. Ya gaya wa na gida hanyar da zai bi da ranar da zai komo, domin a cikin kwaruruka waya ba ta samuwa. Ya tambayi mutanen wurin lafiyar hanya, ta wajen ruwa da ta wajen tsaro. Inda hali ya yi, motoci biyu su tafi tare.

Ku kuma fasinjoji, da mata masu jiran maigida, da masu kayan da ke ƙagara a kai musu: idan direba ya ce yau ba za a haye ba, kada ku matsa masa, kada ku kira shi matsoraci. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Wanda yake so ya ga Mambila cikin sauƙi ya tafi tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hanya ta bushe, ya riƙe bargo mai kauri. Wanda kuwa yake so ya gan ta kore shar, gajimare yana kwance a cikin kwari da safe, shanu suna kiwo a bisansa, sai ya tafi da ƙarshen damina, ya nemi direban da ya san ƙasar, ya kuma yi guzurin haƙuri. Allah ya kiyaye hanya.